Kofunan Tsarabar Auta

A shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a Gaya, na zana teku a allo ya fi a ƙirga. Idan akwai shuɗin alli in yi da shi, idan babu in yi da fari in ce wa ɗalibai su ɗauka shuɗi ne. Na yi ta faɗa musu sunayen tekuna da tsibirai da murya mai ƙarfi, alhali ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne na ƙarƙashin gadar Wudil, shi ma sai da damina. A gidanmu mutum ɗaya ne ya ga abin da nake zanawa, ƙanena, autan Inna.

Auta ya fara aikin otal a Kano, ya koma Legas, daga can wani kamfani ya ɗauke shi aiki a jirgin ruwan masu yawon buɗe ido. Irin jirgin nan ne da mutane ke biyan kuɗi su shiga, a yi ta zagayawa da su gari gari, a ƙarshe a sauke su daidai inda aka ɗauko su. Da na bayyana wa mutanen ƙauyenmu, Balan, wannan tsarin, wani dattijo ya tambaye ni ko masu shigar suna da lafiya. Tafiya ba fatauci, ba ziyara, ba ta'aziyya. Abin da dai ya zauna a kan jama'a shi ne Auta yana aiki a jirgin ruwa, kowa kuma ya ba shi muƙamin da ya ga ya dace. Wasu sun ce shi ke tuƙi. Ni da kaina ban matsa da tambaya ba.

Akwai abu ɗaya game da Auta da kowa ya sani a gidanmu. Ba ya tafiya, ko zuwa Wudil ce, sai ya je gaban Inna. Tana da wata jarkar zamzam tun ta hajjin marigayi mahaifinmu. Duk wanda ya dawo daga Makka a unguwa yakan ƙara mata kaɗan, idan kuma ruwan ya yi ƙasa ba a samu alhaji ba, rijiyar gida takan taimaka. Daga jarkar take ba marasa lafiya da masu naƙuda, a murfin jarkar. Idan Auta zai yi tafiya, ta zuba masa a murfin ya sha a tsaye yana fuskantar alƙibla, sannan ya durƙusa, ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Mu sauran 'ya'yanta muna son kalmar, amma shi da ita yake tafiya kamar yadda wasu ke tafiya da fasfo. Ya taɓa sauka daga motar Kano bayan ta cika, ya dawo gida a ƙafa, don ya fita Inna tana gidan suna.

Da ya dawo hutu daga teku, lokacin kaka ne, ana cire gyaɗa. Ya zo da tsaraba kamar yadda ya kamata ɗan mutunci ya zo. Akwai huluna, akwai riguna masu hoton bishiyar kwakwa, akwai wasu 'yan abubuwa masu maganaɗisu da ake mannawa a jikin firij. Gidanmu ba firij, sai Inna ta jera su a ƙofar ɗakinta ta kwano, suka kuwa kama. A ƙasan jakar kuma, a naɗe cikin safa, akwai ƙananan kofunan gilashi, tsawon babban yatsa, masu kaurin gindi, kowanne da sunan wani gari a jikinsa.

Inna ta ɗaga ɗaya ta duba shi a hasken rana. Ta ce, "Ikon Allah. Turawa ma sun san ma'aunin zamzam."

Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba, amma na yi karatun littattafan Turawa fiye da yadda ya amfane ni. Na san kofin. Na san a littattafan ba a kurɓarsa, ɗaga kai ake a juye shi a maƙogwaro gaba ɗaya, a dangwarar da shi a kan tebur. Na dubi Auta. Yana murmushi, yana ta fito da wasu daga cikin safa, bai ga komai ba.

Ɗaya daga cikin kofunan yana da zanen wani mutum kwance a gindin bishiya, rungume da kwalba, idanunsa a juye. Inna ta daɗe tana kallonsa, ta ce bawan Allah yana jin jiki, ga maganinsa a hannu. Nan take ta ware wannan don marasa lafiya.

Ranar kasuwar Ajingi na ɗauki Auta a babur. Da muka yi nisa da gari na tsaya a gindin wata tsamiya a bakin gonar gyaɗa, na kashe babur ɗin.

Na ce, "Auta, a jirgin nan, a ina kake tsayawa?"

Ya ce, "Ɓangaren baƙi, Yaya."

"Jirgin duka na baƙi ne. A ina kake tsayawa?"

Ya tsinki wata ciyawa ya yi ta murza ta. Can ya ce, "A mashaya."

Da ya fara magana kuma sai ya kasa tsayawa, kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya ce mashayar ba ɗaya ba ce, kowane hawa na jirgin da tasa, har da ta bakin wurin wanka. Ya ce tun kafin mutum ya hau jirgin ake sayar masa da shan tafiyar gaba ɗaya. Ya biya sau ɗaya, a sa alama a katinsa, daga nan duk kwalbar da ya nuna da yatsa a zuba masa, har ranar sauka.

Ya ce, "Wanda ya riga ya biya, Yaya, ba ƙishirwa ke kawo shi ba. Tsoron asara ne. Da hantsi za ka gan shi ya zo, fuskarsa kamar an aiko shi. Ba ya so, amma ya biya."

Na tuna wani mutumin Gafasa da ya taɓa sayen 'ya'yan bishiyar mangwaro tun suna ɗanye, ya tare a gindinta yana ci don kada tsuntsaye su riga shi, har sai da aka kai shi asibiti. Ban faɗa wa Auta ba, ba lokacin dariya ba ne.

Ya ce albashin ba shi ne abin ba, tukwicin ne. Amma ba irin namu ba, da ake ba ɗan aike hannu da hannu, a haɗa masa da sa albarka da saƙon gaisuwa. Can idan mutum ya gama sha, sai ya ninke takardar kuɗi ya tura ta ƙarƙashin kofin, ya tashi ya tafi bai dube ka ba. Kai kuma an koya maka ka ɗauke kofin da kuɗin tare da hannu ɗaya, ka ɗan rusuna, kamar ba abin da ya faru.

Sai ya ce, "Wallahi, Yaya, ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba."

Na ce na yarda, kuma da gaske na yarda. Amma ni da shi malami ɗaya ya karantar da mu a Islamiyya, mun kuma san laifin bai tsaya a kan mai sha ba, ya haɗa da mai zubawa da mai miƙawa. Inna ba ta yi boko ba, amma wannan karatun ta fi mu riƙe shi. Mace ce da ta daina sayen mai a wurin wani ɗan tireda don an ce ƙaninsa yana kai kaya wata unguwar mashaya a Kano.

Na ce, "To kofunan fa? Duk duniya ka rasa abin da za ka kawo mata sai su?"

Ya ce jirgin yakan tsaya a gari da safe ya tashi kafin faɗuwar rana, ma'aikata kuma ɗan lokaci kaɗan ake ba su su sauka. Titi ɗaya ne a bakin tashar, shagunan duk kaya iri ɗaya, sunan garin kawai ake sauyawa. Kowa a guje yake. Abokan aikinsa kofunan suke saya, don ba nauyi, ba tsada, kowa a gida ya samu.

Ya ce, "Ban ga giya a jikinsu ba, Yaya. Kofi kawai na gani."

Duk abin da ya faɗa mini a gindin tsamiyar nan, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Kafin mu dawo daga kasuwa Inna ta fara rabo. Tsaraba ba ta kwana a gidan mai mutunci. Ta aika wa liman da ɗaya, ta aika gidan mai unguwa, ta ba ungozoma, ta ba mai kemis ɗin bakin titi don auna maganin tari. Ɗaya kuma ta ba mai motar Ajingi ya kai wa wanta, Kawu. Na tsaya ina kallon kofunan suna fita daga gidan ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin wa da wa a cikin masu karɓa ya taɓa zama a birni.

Sai ga abin da ban zata ba: shiru. Mai kemis ya yi karatu a kudu, na tabbata ya san kofin. Da na je sayen maganin ciwon kai, na ga ya ajiye shi can bayan kwalaye, ya kifa shi. Muka gaisa da kyau, ya tambayi mutanen gida, bai ɗaga ido ba. Ɗan mai unguwa, wanda ya yi aikin soja, ya tare ni a masallaci ya ce a gaida Auta, tsaraba ta yi kyau, ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe bai saki ba. A hankali na gane abin da ke tsare mu. Duk wanda ya ce ya san kofin, sai an tambaye shi a ina suka haɗu. Garin cike yake da mutanen da suka sani, ba kuma wanda ke da hujjar sani.

A wannan tsakanin Inna tana ta aikinta. Na ga an kawo wata tsohuwa mai fama da hawan jini, Inna ta zuba mata zamzam a kofin mutumin da ke kwance da kwalba. Tsohuwar ta yi bisimilla ta ɗaga kai ta juye shi gaba ɗaya, ta ajiye a ƙasa da ƙarfi. Na fita waje.

Hutun Auta yana gab da ƙarewa Kawu ya zo. Kawu ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma a Ajingi, sahun farko yake salla, gemunsa fari tas. Amma da ƙuruciya ya yi shekaru yana aikin gwamnati a Legas, kuma duk tarihin waɗannan shekarun a jimla ɗaya yake bayar da shi: "Mun yi aiki." Ba wanda ya taɓa jin ta biyu.

Muka zauna a zaure. An dafa zoɓo, an sayo ƙanƙara daga Gaya saboda baƙo, Auta ya shigo da tire.

Kawu ya ce, "A'a, mutanen teku! An ce kai kake tuƙa jirgin, har Turawa na sara maka."

Auta ya ce, "Ƙarin gishiri ne, Kawu. Ɓangaren baƙi nake."

"Ɓangaren baƙi. Madalla. Baƙi kuwa akwai ƙishirwa."

Na so in karɓi tiren, amma idan ƙane yana tsaye, wansa ba ya hidima. Auta ya ninke 'yar takardar goge hannu ya shimfiɗa a kan tabarma gaban Kawu, ya ɗora babban kofi a kai. Ya sa ƙanƙara da cokali, bai taɓa ta da hannu ba. Ya ɗaga jug ɗin sama ya zubo zoɓon siriri, ya murɗa wuyan hannu ya yanke shi, ko ɗigo bai zuba a waje ba. Ya yanka lemon tsami ya soke shi a bakin kofin. Hannunsa na hagu yana bayansa duk tsawon lokacin. A Balan ba a taɓa zuba zoɓo haka ba. Aiki ne mai kyau, na kuma ji kamar ina kallon mutum yana sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Kawu bai kalli zoɓon ba, hannun yake kallo. Ya sha a hankali, ya yi hirar farashin gyaɗa da lalacewar hanyar Ajingi. Da ya gama, ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar kuɗi. A al'ada matafiyi ne ke yi wa kawunsa alheri, idan kuma babba zai ba yaro abu, a hannu yake danƙa masa. Kawu ya ninke takardar biyu, ya tura ta ƙarƙashin kofin, ya miƙe yana gyara babbar riga, bai dubi kowa ba.

Auta ya sunkuya ya ɗauke kofin da kuɗin tare da hannu ɗaya, ya ɗan rusuna, ya yi godiya da Turanci.

Sai da kalmar ta fita ya ji ta. Ya tsaya da kofin a hannu. Kawu ya ce, "Bari in gaida 'yar'uwata," ya shige cikin gida.

Zauren namu ba shi da nisa da tsakar gida, muna jin komai. Bayan gaisuwa Kawu ya ce, "Ga kayanki. Ni na tsufa da irin wannan kofin."

Inna ta ce, "Haba Yaya, ana mayar da tsaraba?"

"Ki koma wa murfinki. Kada ki ƙara zuba zamzam a ciki."

Sannan Inna ta ce, "Me ake sha da shi?"

Kawu ya ce, "Kina da malami a gida, kina da matafiyi. Ni baƙo ne, zoɓo na zo sha."

Na jira a kira ni. Ba a kira ni ba, ba a kira Auta ba. Washegari Inna ta yafa mayafi ta fita da kanta, gida gida, ta karɓo kofunan da ta raba. Mace mai shekarunta ta je ta ce a ba ta kyautar da ta yi, na san abin da wannan ya ci mata. Ba wanda ya tambaye ta dalili, wannan ma ya isa ya gaya mata wani abu. Ta wanke su, ta jera su a kan katangar rijiya, a kife. Suka kwana biyu a nan, duk mai ɗiban ruwa sai ya gan su. Ta ci gaba da dama wa Auta fura, tana yi masa dambun da yake so, tana tambayarsa ko ya ƙoshi. Auta ya daina ƙoshi, ya daina jin yunwa.

Ranar tafiya, da hantsi, na fito da babur zan kai shi tasha a Gaya. Ya ajiye jakarsa a ƙofar ɗakin Inna, inda maganaɗisun nan ke manne, ya shiga. Na tsaya a bakin ƙofa. Jarkar zamzam tana gefenta. Kofi ɗaya yana gabanta, mai zanen mutumin da kwalba.

Ta ce, "Auta, me ake sha da wannan?"

Ya ce, "Giya, Inna."

"Kai kake sha?"

"A'a, wallahi."

"Kai kake zubawa?"

Ya mayar da idonsa ƙasa. Na ga ya kamata ilimi ya yi wani amfani, sai na ce ai kofunan sababbi ne, ba abin da ya taɓa shiga cikinsu, a shari'a tsarkakakku ne, zamzam ɗin da aka sha a ciki ba abin da ya same shi.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Malam, ba a aji muke ba."

Auta ya ce ya riga ya sa hannu a kwantiragi, ba ya iya fasawa yanzu. Ya ce zai nemi a mayar da shi ɗakin cin abinci, an taɓa yi wa wani. Ya ce wannan zuwan ne na ƙarshe. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta buɗe jarkar ta zuba zamzam a murfi, ta miƙa masa. Ya tashi ya fuskanci alƙibla ya sha. Ya dawo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai daidai inda hannunta ya saba sauka.

Hannunta yana kan cinyarta. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Abin da ake ce wa kowa ke nan. Ana ce wa mai tallan yadi, ana ce wa direban da ya tsaya tambayar hanya. Auta ya ci gaba da durƙuso. Ya daɗe. Na ji kaji suna tono a tsakar gida, na ji motar Kano ta wuce a titi tana kiran fasinja. Inna ta rufe jarkar ta ce, "Kada mota ta bar ka. Kayanka suna cikin jaka, na naɗe maka su a safar."

A tasha ya bar mota ta farko ta cika ta tafi, yana tsaye yana kallon hanyar Balan. Na zaci zai ce mu koma. Ta biyu ta zo, ya shiga, ya rungume jakar a ƙirji, na ji gilasan suna ƙara a ciki.

Yana kira idan jirgin ya tsaya a gari. Ni nake kai wa Inna wayar. Ana jin kiɗa a bayansa, wani lokaci da ƙarar ƙanƙara a cikin ƙarfe. Yakan ce maganar ɗakin cin abinci tana nan, an ce ya jira. Takan tambayi lafiyarsa, ta tambaya ko yana samun wurin salla, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Idan hira ta ƙare sai ya jira bai kashe ba, ni ma in jira. Sai ta ce, "To, Allah ya kiyaye," ta miƙo mini wayar.

Kwanan baya, bayan irin wannan kiran, ina shirin fita ta tsayar da ni.

Ta ce, "Malam, kai da kake koyar da shi. Ruwan nan da yake kai, zurfinsa ya kai rijiya nawa?"

Na ce a wasu wuraren, da za a kwantar da zurfin a ƙasa, sai mutum ya yi tafiyar da zai gaji bai kai ƙarshensa ba. Na ce akwai inda hasken rana bai taɓa sauka ba. Tambaya ce da na san amsarta, na kuma ba da ita cikakkiya kamar yadda na saba, sai da na gama na ga fuskarta.

Ta dubi wayar da ke hannuna. Na miƙa mata, na ce jirgin bai tashi ba tukuna, idan an kira zai ɗauka. Ta ɗaga hannu kamar za ta karɓa, ta tsaya, sannan ta mayar da shi kan cinyarta.

Ta ce, "Bari dai a mayar da shi ɗakin abincin."